Jirgin Alhaji Labbo da Bijimin Jabbi

Talata Mafara,
ranar Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Muntari,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kun sauka Legas lafiya, kai da Hadiza da yara, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙon wuri, Ya haɗa ku da maƙwabta na kirki. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Ba labarin gida zan ba ka ba, shekaranjiya ka bar shi, babu abin da ya canza sai gidan da ya yi shiru. Na zaɓi in rubuta maka takarda in ba direban da zai kai muku sauran kaya, domin a waya ba ka bari in kai aya. Ina cikin magana kake fara "to Baba, to Baba," alhali na san hankalinka yana wani wuri. Takarda kuwa ba a katse ta.

Wannan tafiyar taka daban ce. Da kana aiki a Kano, in na yi tari da safe, da yamma kana ƙofar gida. Yanzu ka kwashe iyali ka yi nisa, za ka riƙe sashen gyaran jirage a sabon kamfanin Alhaji Labbo. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Labbo abokina ne tun muna wanka a gulbi ba riga. Na gan shi yana tallar albasa a ka, na gan shi da motocin ɗaukar kaya, na gan shi da gidajen mai, yau ga shi yana maganar jirgin sama. Shi ya ɗauki nauyin karatunka lokacin da ƙarfina bai kai ba, kuma bai taɓa yi mana gori ba.

Kafin ka tafi ka zauna da ni a gindin tsamiya ka gaya mini damuwarka. Bari in maimaita yadda na fahimta, in na yi kuskure ka yi wa tsoho uzuri, tun da sanina da jirgi bai wuce zuwa Makka da dawowa ba, shi ma ido a rufe na yi yawancinsa. Ka ce Alhaji yana son ya sayi wani babban jirgi da ya kwana biyu, wanda ke ajiye a wata ƙasa, an yi masa araha. Ka je ka duba shi, ka ga lokacin babban gyaransa ya kusa, irin gyaran da ake kwance jirgi har ƙashinsa. Ka ce babu rumfar gyara a ƙasar nan da ke taɓa irinsa, masu ƙera shi sun daina, kayan gyaransa sai an bi waɗanda suka mutu ana cirowa. Kai ka fi son a ɗauko hayar ƙanana biyu, irin waɗanda hannun ma'aikatanka ya saba da su. Mako mai zuwa manyan kamfanin za su zauna, za a tambaye ka a gabansu. In ka faɗi abin da ka gani, kana tsoron ka ɓata wa wanda ya yi maka rana, ka rasa aikin tun ba ka ɗumama kujerar ba. In ka yi shiru, kai ne za ka riƙa sa hannu cewa jirgin lafiyarsa ƙalau. Na lura ranar ko furarka ba ka shanye ba.

To ka sani jiya, ranar kasuwa, Alhaji ya zo gidan nan da kansa. Bayan mun gaisa mun tambayi juna iyali da sanyi da gajiya, ya gyara zama ya ce, "Garba, ka yi ma yaronka magana. Ni jirgi nika son saye, nawa na kaina, shi kau shina ta kawo min ƙabli da ba'adi. In kai kac ce mai shi yi shiru, shiru za shi yi." Amsar da na ba shi tana ƙasa, amma kada ka tsallake ka je can. Ka bi ni a hankali, domin ba za ka gane ta ba sai ka bi ta inda na biyo.

Ka san jar taraktar nan da ke gindin tsamiya, wadda kuka tashi kuna hawa kuna tuƙin ƙarya. Innarka ta sha ba ku labarinta yadda ya fi ba da dariya, yau ka ji shi daga bakin mai ita. Lokacin da aka gama dam ɗin Bakolori, aka baje gonakinmu aka yanka su fegi-fegi aka jawo ruwa, hayar tarakta muke yi. Sai ka ba da sunanka ka jira layi. Wata shekara kafin layi ya zo kaina, alkamar maƙwabcina har ta tsiro, ni ko kaftu ba a yi mini ba. Ina da zafin kai a lokacin, raina ya ɓaci, na yi rantsuwa ba zan ƙara jiran kayan wani ba. Ba a daɗe ba aka yi gwanjon tsofaffin taraktoci. Na sayar da shanuna, na haɗa da shinkafar shekarar, muka je ni da Labbo. Tambaya biyu na yi a wurin, ko tana tashi, ko tana jan garma. Aka murza ta tashi, aka ɗaura mata garma ta ja, na biya.

Labbo ne ya kawo mai fenti ya rubuta "Sai Garba" a goshinta, domin tun can shi mutum ne mai son ya ga suna a jikin abu. Na tuƙo ta ta tsakiyar gari, ba don hanyar ta fi kusa ba. Innarka tana amarya a lokacin, ta leƙo ta katanga ta dube mu ni da tarakta, ta koma ciki abinta. Kaka ɗaya na sha daɗinta, har daga garin Bakura ana aiko mini in je in yi kaftu. A shekara ta biyu wani ɗan ƙarfe da bai fi yatsa ba ya karye a inda mai ke bi. Bakaniken garin nan ya aika ni Gusau, na Gusau ya aika ni Sakkwato, na Sakkwato ya ce sai Kano, na Kano ya juya ƙarfen a tafin hannunsa ya ce an daina kawo irinsa. Da na gaji na sami wani mai sassaƙa ƙarfe ya ƙera mini mai kama da shi. Ta tashi, na yi murna, ta yi ɗan aiki, sannan ta tsaya cik a tsakiyar gona, wannan karon ta lalata har abin da ke lafiya a da. Da shanun mutane aka jawo ta zuwa inda take yau. Bayan wani lokaci Innarka ta same ni ina alwala ta ce, "Malam, kajina na gaishe ka, sun ce ba su taɓa samun akurki irin wanga ba."

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, ranar gwanjo na tambayi lafiyarta ta ranar, ban tambayi wa zai buɗe cikinta in ta kwanta ba, ko ina za a samo abin da za a sa mata. Wanda ya sayi inji ya saye shi ne har da ciwonsa na gaba, kuma babu wanda zai mayar wa. Tambayar da ban yi ba ita kake yi wa jirgin Alhaji, saboda haka kada ka ji kunyarta. Sannan duk tsananin da aka shiga, kada ka yarda a sa wa jirgi ƙarfen da ya yi kama da na ainihi don kawai a tashi. Ni da tawa ta tsaya, sauka na yi na kaɗe rigata na tako gida.

Kada ka yi saurin cewa Baba yana bayanka. Haya ma ta taɓa kayar da ni, kuma faɗuwar ta fi ta tarakta ciwo. Daminar da ta biyo baya ba ni da tarakta, ba ni da shanu, ga ruwa ya zauna. Na tafi wajen garin Faru na sami Jabbi, wani Bafulatani da muka daɗe muna hulɗa, yakan sauke shanunsa a gonata bayan girbi su ci kara su bar mini taki. Na nemi ya ba ni hayar shanun huɗa zuwa kaka. Yana da tsohon sa guda wanda ya san aiki, amma ɗan'uwan aikinsa ya gurgunce. Don kada in koma hannu sake, ya haɗa mini da wani farin bijimi matashi da yake ji da shi, wanda ya keɓe don ya zama uban garke. Ya ce in ɗaura masa igiya a ƙaho kawai, ya koya mini yadda ake kiransa, ya ce in na yi haƙuri zai saba da muryata. Muka yi magana a kan buhunan da zan ba shi da kaka. Ban tambaye shi a wane hali yake son in mayar da bijimin ba, shi ma bai ga dalilin faɗa ba, don a wurinsa ko yaro ya san wannan.

Bijimin nan ya ƙi jin kirana. In na ce dama ya yi hagu, kunyar da yake fitarwa kamar tafiyar maciji. Kowa ya gama huɗa ni ina fama. Maƙwabtan gona suka ce ai maganinsa a huda masa hanci a zura igiya, yadda muke yi wa namu. Ban yi dogon tunani ba, muka kayar da shi muka huda. Da ya warke ya zama kamar ba shi ba, ko da yatsa ka ja igiyar zai biyo ka. Na gama aiki cikin lokaci, na yi shinkafa mai kyau. Na kuma kula da shi fiye da yadda nake kula da kaina, ga harawa, ga dusa, ga kanwa, har ya yi tozo ya yi sheƙi. Da kaka na kora su zuwa ruga da buhunan haya a kan jakuna, ina tafe ina jin daɗin yabon da zan sha.

Jabbi ya fito ya karɓi tsohon san ya shafa shi. Da ya zo kan bijimin bai dubi tozon ba, bai dubi sheƙin ba, hancin ya tsaya yana kallo. Can ya ce, "Garba, wanga ba shi nib ba ka ba." Na ce ai shi ne, ga tsagar kunnensa nan. Ya girgiza kai ya ce, "Wanda nib ba ka kira shika ji. Wanga kau igiya shika ji. Mi za ni yi da shi gaban garke?" Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. A wurinsu bijimin da zai ja garke dole ya bi muryar makiyayi don kansa, wanda aka saba ja da hanci kuwa sai ya tsaya jiran a ja shi. Ya ƙi karɓa. Labbo ne ya shiga tsakani, aka daidaita a kan in riƙe bijimin in ba Jabbi karsana da ɗan maraƙi. Shinkafar da na yi murna da ita can ta tafi. Na je haya don in huta da saye, na dawo gida da abin da na saya ba shiri. Jabbi mutumin kirki ne, ranar sunanka shi ya kawo nonon da aka dama fura. Tun da dajin ya rikice ya yi kudu da shanunsa ban ƙara jin ɗuriyarsa ba, kuma ina kewarsa.

Ka gaya mini jirgin haya ma haka yake, ko kujera ba ka canzawa sai da izinin mai shi, kuma ranar mayarwa yana da halin da yake son ya ga injinsa a ciki, in bai kai ba ku za ku gyara kafin ya karɓa. To tun ranar karɓa ka tambayi ranar mayarwa. Ka sa mai jirgin ya faɗi abin da yake ganin ko yaro ya sani, domin a nan ake faɗuwa. Kada kuma ka ɗauka kula da abin wani da kyau ya ba ka ikon yi masa abin da ka ga dama. Ni na ƙosa bijimin Jabbi da zuciya ɗaya, bai hana in ɓata shi ba.

Alhaji ma fa ba wawa ba ne, kada karatu ya sa ka ɗauke shi haka. Jiya ya tuna mini lokacin da yake hayar motoci yana kai albasa kudu, yadda mai mota yakan janye abarsa daidai lokacin da kasuwa ta buɗe don wani ya ƙara masa, albasa ta ruɓe a tasha yana kallo. Ya ce kuɗin hayar jirgi da kuɗin waje ake biya duk wata, ko ya tashi ko yana kwance, kuma bayan shekaru kana biya ko ƙusa ɗaya ba taka ba ce. Wannan magana ce ta mai hankali. Ni ma ba kowane saye ne ya cuce ni ba. Ƙaramin injin ban ruwan da ke bakin gona sabo na saye shi, irin wanda kowa ke da shi, duk abin da ya lalace a jikinsa ranar Talata ina samunsa a kasuwa. Mai kawai nake canza masa a kan kari, ga shi ya girmi 'yarka ta fari yana nan yana aiki. Saboda haka ni ban ce a saya ba, ban ce a yi haya ba. Ba fagena ba ne, kuma wataƙila akwai jirgin saye da ya fi wanda aka nuna muku, ka bincika ka kai masa.

Abin da na sani shi ne yadda ake gaya wa babba abin da ba ya son ji. Kada ka bari sai a gaban mutane ya fara jin ra'ayinka, domin mutum irin Labbo zai iya haɗiye asara amma ba zai haɗiye kunya ba. Ka same shi a gida, ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba tun kana yaro. Ka fara da aibin haya, ka faɗe shi duka kada ka rage, don ya san ba ɓangare ka ɗauka ba. Sannan ka faɗi abin da idonka ya gani a cikin wancan jirgin, da inda za a kai shi gyara, da tsawon zaman da zai yi a can fasinja suna jira. In ya ji duka ya ce shi dai sai ya saya, dukiyarsa ce, ka yi masa aiki da gaskiya, kuma ko abin da ka hango ya faru kada ka ce ai ka faɗa. Amma hannunka naka ne. Kada ka sa shi a kan cewa jirgi lafiya yake sai in lafiyar yake, ko wa ya tsaya a kanka.

Yanzu ga amsar da na ba shi. Muna zaune ne a gindin tsamiya, taraktar tana bayansa, "Sai Garba" ɗin da ya sa aka rubuta har yanzu ana iya karanta rabinsa. Na miƙa masa fura na nuna masa taraktar da haɓa, ya waiga, muka yi dariya har da tari. Da muka natsu na ce masa, "Labbo, yaron ga aro nib ba ka, ban sai da ma shi ba. Ka kai shi makaranta, ka ƙosa shi, na gode har gobe. Amma yadda nib ba ka shi, in an tambai shi abin da yag gani, hwaɗi shika yi. Kak ka sa ni huda mai hanci da hannuna don ka samu wurin ɗaura igiya."

Ya hau juya ludayi a cikin kwano. Na ce a raina yau na kashe abotar yarinta da aikin ɗana a zama ɗaya. Can ya yi murmushi ya ce, "Kai dai ba ka mance bijimin nan ba. To shi zo shi iske ni gida kahin zama. Amma ban yi ma alkawalin komi ba." Ya shanye furarsa, ya leƙa ya gaida Innarka, na raka shi har mota.

Ka ji dai, bai yi alkawari ba, ni ma ba zan yi maka ba. Yana iya saurarenka, yana iya yin fushi. In ta kai ga ya sallame ka, ba za ka kwana da yunwa ba, masu jirage suna da yawa, gonar bakin ruwa ma tana nan, injin ban ruwana zai ji daɗin samun injiniya na kansa. Ni hankalina a kwance yake, na ci tuwona jiya har da ƙari. Innarka tana gaishe ku, ta ce buhun shinkafar da ke cikin kayan na Hadiza ne, kada ka yi kyauta da shi a ofis.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka harshe mai taushi da zuciya mai ƙarfi. Allah Ya tsare duk jirgin da hannunka ya taɓa, Ya sauke mutanen cikinsa lafiya a gaban iyalansu. Allah Ya ƙara wa Alhaji Labbo buɗi, Ya nuna masa abin da ya fi alheri, ko saye ko haya. Allah Ya raya mana jikoki, Ya sa mu gana da alheri. In kun zo Sallah, ka zo da ƙiba ko ka zo da rama duk ɗaya ne a wurina, Innarka ce za ta duba wannan. Ni hancinka zan duba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba